Ranar da Cokali Ya Faɗi

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Yaya 'yar lelena? Ni lafiya lau, in ban da kewa.

Jiya na ga ikon Allah a asibitin da nake karatu. Ana gwada wa wata yarinya, kurma kamar tamu, sabon magani. Cokali ya suɓuce wa uwarta, sai yarinyar ta waiwayo! Uwar ta ce, "Likita, in sake yar da shi?" Ta yi ta yarwa, muna dariya muna hawaye.

Kada in ruɗe ki, ba kowace kurumta yake warkarwa ba. Amma ki kai tamu a gwada jininta, ki aiko min da sakamakon. Kuma don Allah, kada ki daina kiran sunanta.

Yayarki