Imrana Ya Ajiye Takardar Kwaleji

Bakura,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga Yaya Surajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya kai da iyalinka a Legas, Ya kuma sauƙaƙa maka ciwon bayan da Saude ta ce yana damunka tun damina. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Inna tana Damri, ƙafarta ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida da kanta. 'Yar'uwarmu Hafiza ta sauka lafiya a Maradun, an samu mace, an sa mata Kausar. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira ka, don na san in na fara maganar nan a waya kuka ba zai bar ni in ƙarasa ba.

Maganar ɗanka Imrana ce. Ka san ya gama sakandare da sakamako mai kyau, kuma ya samu gurbi a kwalejin horar da malamai. Ranar da takardar ta zo, babansa Malam Ɗanlami ya zaga da ita gidajen maƙwabta yana nunawa, yana cewa shi ya yi shekara talatin da biyar da alli a hannu, ni ina cikin ta ashirin da shida, ga wanda zai karɓe mu. Ba mu yi wata guda cikin wannan murnar ba Mas'udu ya zo gari.

Wataƙila ba ka san shi ba. Yaro ne ɗan Talata Mafara, Malam ya koyar da shi a firamare lokacin da yake aiki can. Yanzu ƙwallo yake bugawa a ƙasar waje. Da ya zo hutu, sai ya ce ba zai koma ba sai ya gaida malaminsa. Yaya, ban taɓa ganin taro irin na ranar a ƙofar gidanmu ba. Ajina ma watsewa ya yi, yara suka bi motoci da gudu. Kuma kada in ɗauki alhakinsa, yaron yana da ladabi. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa har ƙasa, ya kawo wa Malam shadda da turare. Ba ni da abin da zan zarge shi da shi, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai.

Suna cikin hira Malam ya tambaye shi cikin raha, wai da gaske ne abin da ake faɗa, cewa abin da ake ba shi a mako ya fi abin da shi ya samu a duk shekarun aikinsa. Mas'udu ya sunkuyar da kai ya ce ba don aikinsa ya fi na malamai daraja ba ne. Ya ce idan ya shiga fili dubban mutane sun sayi tikiti, wasu miliyoyi suna kallo a talabijin, kamfanoni kuma suna biya don a manna sunansu a rigarsa, to daga nan rabonsa ke fitowa. Ya ƙara da cewa masu iya abin da yake yi kaɗan ne, kuma shekarun wasan gajeru ne, gwiwa ɗaya ta lalace an gama da mutum. Malam ya yi dariya ya ce ai shi ma bai rasa masu kallo ba, yara saba'in suna zuba masa ido kowace safiya har ya tsufa. Nan Imrana, yana zaune gefe yana zuba musu shayi, ya ce a hankali, ba da tsawa ba: "Baba, to a cikinsu wa ya taɓa biya don ya kalle ka?"

Mas'udu ya tsawata masa, Imrana kuma ya ba da haƙuri nan take. Amma bayan baƙin sun tafi, Malam ko abincin rana bai taɓa ba.

Bayan kwana biyu Imrana ya same ni ya ce ba zai je kwaleji ba. Akwai wata makarantar ƙwallo a Legas da ke gwada matasa, Mas'udu ya yi alkawarin haɗa shi da su, shi Imrana kuma yana so ya zauna wurinka. Na yi faɗa, na yi lallashi. Na tuna masa Fa'izu ɗan Maradun, wanda suka tafi tare da Mas'udu rana ɗaya, ya dawo da gwiwa a karye babu ko takardar sakandare, yanzu yana ban ruwa a gonakin albasa na Bakolori, kuma babu wanda ya bi motarsa don ba shi da ita. Ya bari na gama, sannan ya ce ya san Fa'izu sarai, don gonar da yake wa aiki tana maƙwabtaka da ɗan filin da babansa ke nomawa tun da ya yi ritaya. Ya ce Fa'izu ya gwada bai dace ba, babansa kuwa ya yi komai daidai bai taɓa fashin aiki ba, ga su nan gaba ɗaya cikin laka.

Tun ranar nake juya abin. Na yarda da bayanin Mas'udu, amma bai sanyaya mini zuciya ba. Shi aikinsa ana ganinsa a take a yi tafi. Ni sai bayan shekara ashirin nawa yake fitowa, lokacin da yarinyar da na koya wa riƙe fensir ta zama ungozoma a asibiti, kuma ko ita ba lalle ta tuna sunana ba. Magidantan garin nan ba sa rasa kuɗin shiga gidan kallon ƙwallo kowace Asabar, amma da iska ta yaye kwanon ajina muka kira taron iyaye, mutum tara suka zo. Har yau ƙarƙashin darbejiya nake koyarwa. Kullum ana gaya mana ladanmu yana lahira. Na yi imani da haka, sai dai ban taɓa jin an ce wa ɗan ƙwallo ya jira can ba.

Jiya Malam ya kira Imrana ya ce ya amince, ya sa masa albarka, ya ninke takardar kwalejin ya saka a akwati ba tare da ya kalle ni ba. Don haka nake roƙonka, Yaya, ka karɓe shi. Ka sa masa ido kan salla da abokai. In ba a ɗauke shi ba, kada ka bari kunya ta hana shi dawowa, ka ɗora shi a mota da kanka.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba sai kai. Yau da safe na tambayi 'yan ajina abin da kowa yake so ya zama. Mazan kusan duka ƙwallo suka ce. Sai wata 'yar mitsitsiya, Bushra, wadda ta fi kowa ƙoƙari, ta ɗaga hannu ta ce ita malama za ta zama kamar ni. Da a bara ne da na sa an tafa mata. Yau ji na yi bakina yana cewa, "Zauna, Bushra, ki sake tunani." Ta zauna tana dubana, ba ta san laifin da ta yi ba.

Ka gaida Saude da kyau, da Amatullah da Salma, ka ce musu ɗan'uwansu yana tafe bayan Juma'a biyu. Inna tana sa maka albarka, Malam yana gaishe ka. Ka sa mu a addu'a, ni musamman. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Taiba