Wakiliyar Ƙungiya Ta Taka Min Ƙafa a Gaban Kwamiti

Goggo, ki taimake ni da amsa kafin in yi abin da zai raba ni da aikina: wakilin ƙungiyar ƙwadago na ma'aikaci ne, ko na shugabanni?

Ni nas ne, ban cika shekara da farawa ba, ko tabbatar da ni ba a yi ba. Ni kaɗai ne namiji a ɗakinmu, don haka na zama jakin kowa. Za a juya majinyaci mai jiki, ni. Tukunyar iskar numfashi, ni. Gado ya maƙale a ƙofa, a ƙwala min kira ko ina tsakiyar allura. Yanzu ko igiyar takalmi zan ɗaura sai na cije leɓe saboda baya.

Rannan shugabar ɗaki ta ce in ɗaga wani dattijo daga keken majinyata zuwa gado ni kaɗai. Na ce ba zan ɗaga ba. To, na dai ƙara da cewa ba dako aka ɗauke ni ba, kuma ita ma hannu biyu Allah ya ba ta. A gaban majinyata, na yarda. Sai ga takardar tuhuma, wai rashin kunya ga shugaba, sai kwamitin ladabtarwa.

Ni ba jahili ba ne, Goggo. Littattafan dokar ƙwadago da nake saye a gwanjo duk na karance su, babu malamin da ya biya min. Na shirya jawabin da zai sa kwamitin nan gumi. Sai ƙungiya ta haɗa ni da wakiliyarta, wata dattijuwar nas daga ɗakin haihuwa, da gorar shayinta a hammata. Muna shiga ta hau gaisawa da shugaban kwamiti, har da tambayar jikoki, har da dariya! Na buɗe baki zan fara, sai na ji diddigen takalminta a kan babban yatsana ta ƙarƙashin tebur. Na sake, ta sake. Fuskarta kuwa kamar mai sauraron wa'azi. Iyakar abin da ta nema shi ne a ɗage zaman zuwa mako mai zuwa. Da muka fito, maimakon bayani, wai in je likita ya duba bayana, kuma in riƙa cin abinci don na rame.

Ni dai zama na biyu ni kaɗai zan shiga. Amma ina so ƙungiya ta fito a wannan fili ta amsa a gaban kowa: baki muka zaɓe su su zame mana, ko murfi?

Mai Ciwon Baya

Ɗana, sannu da baya, sannu da yatsa.

Gaskiyarka a ƙin ɗagawar nan. Mutum ɗaya ya ciccibi dattijo, ko dai bayansa ya tafi ko dattijon ya sha ƙasa. Ita kuma wakiliyar da nata laifin: diddige ba bayani ba ne. Kamata ya yi ta zaunar da kai tun a waje ta faɗa maka shirinta.

Amma dubi abin da aka tuhume ka da shi: rashin kunya ga shugaba. Wanda ake tuhuma da baki ya shigo da jawabin sa gumi, ai ya kawo musu shaida har gida. Da ta bar ka, da yanzu wasiƙar neman aiki nake karantawa. Ɗage zaman da tura ka likita, a ganina, so take maganar ta tashi daga harshenka ta koma kan bayanka da ƙarancin hannu a ɗakin. Gaisuwar jikoki kuwa, gobe za ta koma ofishin nan da matsalar wani, dole ƙofa ta zauna a buɗe.

Kada ka shiga kai kaɗai. Je ka ga likita a makon nan. Sannan ka same ta, ka tambaye ta shirinta kai tsaye, ka nuna mata abin da ka karanto, ku tsince mai amfani. In ta kasa gamsar da kai, nemi ƙungiya ta ba ka wani wakilin, ba laifi ba ne. Ka ba shugabar ɗaki haƙuri kan maganar hannu biyu, amma ba kan ƙin ɗagawa ba.

Shekaru kaɗan nan gaba, ina jin kai za su zaɓa wakili, ka zauna kusa da wani yaro mai zafin kai. Allah ya ba ka lafiya, ya tabbatar maka da aikinka, ya kuma ba wancan yaron haƙurin zama da kai.