Kacalla a Ruwan Majema

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Baba?

Yaya, kainuwar da na shuka a tafkunan bayan majema ta mutu murus. Aikinta ta tsotse dattin ruwan wankin fatu kafin ya gangara rafi, amma gishirin da ake barbaɗa wa fata ya fi ƙarfinta. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta narke kamar an dafa. Injiniyar da ke kula da aikin ta ce in shuka ta biyu ta mutu, za a cike tafkunan, in kama gabana. Kada Baba ya ji, dama mai kiwon ciyawa yake ce mini.

Duk laifin tsohon nan ne mai sa wa fatu gishiri, da ke sako ruwansa cikin tafkunan gaba ɗaya kamar yana wanke zunubi. Na faɗa masa haka a gaban mutane. Yanzu ko sallamata ba ya amsawa.

Ƙaninki,
Barkono

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, zauna ki sha labari.

Injiniya ta ara mini wani littafi, na yi ta kokawa da shi da ƙamus har na gane: kacalla, doguwar ciyawar nan ta fadama, na jure gishiri fiye da kainuwa, in dai an saba mata a hankali. Na jera durom-durom, ina ƙara mata ruwan majema kaɗan-kaɗan kamar mai yaye yaro. Wadda ta yi laushi na jefar, mai taurin kai irina na dasa.

Saura tsohon. In ya sako ruwansa a tashi ɗaya, aikin banza na yi. Yaya, ni da kika sani, na je na durƙusa masa, na kira shi Baffa. Na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya riƙa sako ruwan kaɗan-kaɗan. Ya bar ni a durƙushe har ya gama shan shayinsa. Washegari na tarar ya ɗaure bakin bututun ruwansa da tsumma, ruwa na zuba siriri.

Kacalla ta wuce tsayina yanzu. Injiniya ta auna ruwan tafki na ƙarshe, ta ce tafkuna sun zauna, ba za a cike su ba. Jiya na ga talibambam suna iyo a ciki.

Ki gaya wa Baba mai kiwon ciyawa yana gaishe shi. In ƙafar ta yi sauƙi, ya zo ya ga garke.

Naki har kullum,
Barkono