Sile a Bayan Hannu

Changwon, farkon Satumba

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya. Ya rawar hannun? Yaya Tae-ung ya ce yanzu da cokali kake cin komai, tsinken cin abinci ya gagare ka. Sannu.

Ka nemi in turo maka jikarka Da-som ta yi hutun bikin girbi a wurinka. Za ta zo, don ita ta nace. Sharaɗina ɗaya: kada ka yi mata maganar bindiga. Wata mai zuwa za a zaɓi waɗanda za su wakilci lardi a gasar harbi, kuma bana ce shekararta ta ƙarshe a rukunin matasa. In ta shiga, jami'a za ta ɗauke ta. In ta faɗi, an rufe ƙofa.

Na san hotonka na nan a bangon filin harbi, ina wuce shi kullum. Amma zamanin bindigarka mai juyi ya wuce. A taka, kana harbawa sai ka ɗauke yatsa gaba ɗaya ka sake ɗanawa. Tata ba haka take ba. Tana jan kunama a hankali har harbin ya fita ba ta san lokacin ba, ta riƙe, sannan ta saki kaɗan-kaɗan har ta ji ƙas. Nan take tsayawa. Yatsa ba ya barin kunama. Shekaru kocinta ya yi yana dasa mata wannan.

Ban manta da silen won ɗari da kake ɗora mini a bakin bindiga ba, ko ƙarfen share bindiga da ke sauka a yatsana duk sanda silen ya faɗi. Ranar nawa zaɓen na ɗaga hannu da bindiga, yatsan ya ƙi motsi har lokaci ya ƙare. A mota ka ce, "Koma karatunki, can ba a neman mai zuciya." Na koma, har yau adabi nake koyarwa.

Ka ba ta abinci, ka nuna mata furanninka. Iyakarka ke nan.

'Yarka,
Gyeong-ran

Changwon, tsakiyar Oktoba

Baba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, na ji ka matsa wa Yaya da tambayar yadda aka ƙare. Ni na hana shi faɗa maka. Na fi so ka ji daga hannuna.

Harbin farko ya shiga tsakiya. Sai na ga yatsanta ya tashi daga kunama kamar ta taɓa garwashi. Da ya dawo, bai sauka inda ya saba ba, ta fizga, harsashi ya tafi ƙasa ta hagu. Ta gane, ta koma neman ƙas ɗinta, ba ta same shi ba. Rabin yatsan na kocinta, rabi naka. Daga nan ta ɗaga hannu, koriyar fitilar fara harbi ta kama, ja ta ƙarewar lokaci ta kama, ba ta harba ba. Ta sake ɗagawa, haka. Na san tsayuwar nan, Baba. Ko da nake bayanta, na gane ta.

Kocin ya juyo ya ce mini, "Malama, wa ya taɓa mini yarinyar nan?"

A mota ta faɗa. "Mama, Kaka ya ce yatsana malalaci ne, yana kwana a kan kunama." Da kwalbar feshin furanninka ka koya mata, wadda ba ta sake fesawa sai an sake ta gaba ɗaya. Ka ɗora mata sile a bayan hannu. Tsinken ƙarfen da ka kasa cin shinkafa da shi, ashe bai gagare ka dukan yatsa ba. Ta ɓoye mini don ka ce sirrin zakaru ne.

Na karanta littattafai da yawa a kan azzaluman iyaye. Duk a ƙarshe suna tsufa su yi laushi. Marubutan ba su san ka ba.

Ba ta shiga ba. Ta kai bindigarta ma'ajiya, ta ce a ba wata.

Ka huta lafiya.

Gyeong-ran

Changwon, Nuwamba

Baba,

Ina fatan sanyi bai dame ka ba, kuma kana shan maganinka.

Busassun 'ya'yan itacen da ka aiko sun iso, maƙwabta sun gode. Na kuma saurari saƙon da ka bari a waya: "Ran, ni fa taimako na yi. Bar ni in ga yarinyar ko sau ɗaya." Yaya ya ce kuka kake, ya ce in ji tausayin tsoho. Na yi tunani, na ga yana da gaskiya. Za ka gan ta.

Ga sile nan cikin ambulan. Ka miƙe hannun dama, ka ɗora shi a baya, ka ja yatsa a hankali kamar yadda ka koya mana. Ba na son fizga, ba na son uzuri. Ranar da ya zauna bai faɗi ba, ka sa Yaya ya kira ni, in kawo ta da kaina.

Likita ya ce rawar ƙaruwa za ta yi ta yi. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Kai ka ce duk wanda silensa ya faɗi, bai so ba ne.

'Yarka mai biyayya,
Gyeong-ran