Tsuntsayen Alƙalamin Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Yaya Hauwa da yara. Yaya zafin Maiduguri?

Alƙalamin nan mai shan tawada da Bajapanen nan ma'aikacin reluwe ya ba marigayi Baba ya lalace. Inna ta ga ya dushe, sai ta goge shi da toka da lemun tsami kamar yadda ake goge tasa. Tsuntsayen zinariyar da aka zana a jikinsa duk sun fita. Maƙerin Sabon Gari ya ce fentin ƙaron itacen Japan ne, ba mai iya mayar da shi.

Tun ranar Inna ba ta cin abinci. Wai da hannunta ta sake binne Baba.

Ku sa ta a addu'a. A gaida kowa. In ka zo, kada ka tambayi alƙalamin.

Ƙanwarka,
Rakiya, Minna