Taurarin da Suka Hana Ni Cin Tuwo

Litinin, 12 ga Maris, 2001
Inna, mahaifiyar matata Umaima, za ta taso daga Kazaure ta zauna da mu har a gama wankan jego. Ɗakinmu ɗaya ne tal a nan Agege. Kwana ba damuwa, maƙwabcina Abdulganiyu ya ce in riƙa shimfiɗa tabarma a wurinsa. Cin abinci ne matsalar. A garinmu namiji ba ya kai loma baki surukarsa tana gani.
Umaima ta ce a rataya labule. Labule! A ɗakin malamin lissafi?

Laraba, 14 ga Maris
Na sa 'yan aji shida sun zana taurari masu tsini takwas. Murabba'i biyu ne kawai, ka ɗora ɗaya a kan ɗaya ka ɗan karkata shi. Da ka ga fuskokinsu lokacin da tauraron ya fito! Yaran nan akwai kai, jan su kawai ake buƙata.
Na haɗa zanen na kai wa Hamani kafinta, mutumin Nijar, ya yanka mini a jikin allon katako da zai raba ɗakin biyu. Babban tauraro a tsakiya, sauran suna kewaye da shi, kowane tsini ya taɓa na kusa.
Ya ce, "Mushe," wato malam a Faransancinsu, "hujin a yi manya ko ƙanana?"
Na ce manya. Zafin Legas, dole iska ta ratsa.

Asabar, 24 ga Maris
An kafa. Masha Allah! Da hantsi rana ta shigo ta taga, taurari suka zube a ƙasa har kan gado. Na kawo yara suka gani, kowa yana neman nasa.
Abdulganiyu ya leƙo ya ce, "Oga Tisa, wannan bango ne ko rariya?" Mutumin kirki ne, amma bai san fasaha ba.

Talata, 27 ga Maris
Inna ta iso lafiya. Na durƙusa na gaishe ta, na koma bayan allona. Umaima ta kawo tuwo da miyar kuka, kukar ma sabuwa daga gida. Na yanko loma, na ɗaga kai. Ga Inna zaune a bakin gado, ina ganinta ta tauraro goma a lokaci guda.
Na mayar da lomar.
Sai na ji ta ce wa Umaima, "Ke, ce masa ya ci, ba kallonsa nake ba." To ta yaya ta san ban ci ba?

Litinin, 2 ga Afrilu
Mace. Uwa da jaririya lafiya. Alhamdulillahi.

Juma'a, 6 ga Afrilu
Amala da miyar ewedu a rumfar mai abinci, kullum. Barkonon nan zai kashe ni. Yau na laɓe bayan wata motar haya, danfo, ina tura burodi a baki, sai ga 'yan ajina sun jeru sun gaishe ni da murya ɗaya. Na amsa da kai. Ni da nake hana su ci a tsaye.

Lahadi, 15 ga Afrilu
Na haƙura, na ce Umaima ta lulluɓe allon da zani. Kamar na binne ɗana. Na wanke hannu ke nan, sai ga muryar Inna: "Wa ya rufe mini taurarina? Yarinyar nan su take kallo ta yi shiru." Ta yaye zanin da kanta.
Mutum na farko da ya fahimci aikina. Daɗi ya cika ni, yunwa ma haka.

Alhamis, 26 ga Afrilu
Inna ta rataya carbinta a tauraro ɗaya, ludayi a wani, safar jaririya a na uku.
Wandona ya fara sauka.

Talata, 1 ga Mayu
Ina zaune ina duba aikin yara, sai ga hannu ya ɓullo ta tauraron tsakiya, riƙe da dambun nama a ƙulle cikin leda.
"Ke, ce wa bangon nan ya karɓa. Bango dai ba shi da suruka."
Umaima ta toshe baki da filo. Na karɓa da hannu biyu, na juya fuska wajen ƙofa, na cinye tas. Inna ta yi ta yi wa jaririya wasa da ƙarfi don kada ta ji taunata.

Asabar, 19 ga Mayu
Na raka Inna tasha. Ta ce za ta dawo lokacin yaye.
Na ci tuwo a miƙe, babu mai gani. Gishiri ne bai ji ba, ina jin.
Da la'asar na biya wurin Hamani, na ce ya zo ya ɗan faɗaɗa tauraron tsakiya. Saboda iska ne kawai. Na dai bar masa kwanon miya ya gwada faɗin da shi.