Makullin Babur ɗin Iliya

Iliya ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Na san ba za ka karanta wannan ba. To, da kana da rai ma yaushe ka taɓa sauraron maganata har ƙarshe? Zan dai rubuta, don in na faɗa wa matarka Saratu kuka za ta yi, ni kuwa na gaji da kuka a gidan nan.

Muna nan Ƙaura lafiya. Ɗiyarka Alheri ta fara tafiya, kuma taurin kanka ta kwaso duka. In an ce ta bari, sai ta kalli mutum ta ƙara. Saratu ta koma ɗinki. Babur ɗinka yana ɗakin ajiya, makullin yana ɗaure a bakin zanena. A kansa nake son mu yi magana.

Amma bari in fara da kai. Wane irin mutum ne zazzaɓi zai kama shi, ya ɓoye, ya tsaya gaban jama'a yana wa'azi yana rawar sanyi? Aikin lafiya ka karanta, ka fi kowa sanin abin da zazzaɓi ke yi. Ka ajiye takardarka ka ce an kira ka aikin bishara a ƙauyen bayan Zurmi. Na ce maka Ubangiji yana nan Ƙaura ma, ba ka ji ba. Ranar da jiki ya tsananta, ɓarayin daji sun tare hanya, ba motar da za ta fito da kai. Me ya hana ka faɗa tun da wuri?

Mutanen ikilisiya kuwa sun hana ni sakat. Tun da muka binne ka matan zumunta suka raba kwana a tsakaninsu. Ba su bar ni na hura wuta ba. Sun canza wa tukwanena wuri, sun cika miya da gishiri, suna waƙa lokacin da nake son shiru. In na yi musu faɗa yau, gobe su dawo da tsintsiya. Lami shugabarmu ita ta riƙe ni a bakin kabari, ita ta riƙa ba ni kunu da cokali da na ƙi cin abinci. Har liman maƙwabcinmu ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa don masu zuwa gaisuwa.

Bayan kaka sai ga mutanen ƙauyen da ka yi bishara. Ka san al'adarsu, gonar mai bishara gayya ake yi mata, kowa ya fito da fartanya kafin ya taɓa tasa. Na ɗauka da ka mutu an bar ta. Ashe sun nome ta, sun girbe, a shekarar da wasunsu ko tasu gonar ba su iya leƙawa ba. Suka ɗora dammunan gero a bayan mota, suka biyo hanyar nan da ta hana ka zuwa asibiti, suka sauke a ƙofar gidana. Na tambaye su ko gero ya fi rai. Dattijonsu ya ce hatsin mai bishara ne, in babu shi na iyalinsa ne, su ba su da ikon ci. Na shige ɗaki na kasa cewa na gode. Shi muke ci yanzu.

To, ga maganar babur. Fasto ya ce tun da ka tafi ba mai bi da mutanen ƙauyen cikin sujada, za a tura wani amma ba abin hawa. Na ce ba zan bayar ba, abin da ya kai ɗana can ba zai kai ɗan wata ba. Ka san wa za a tura? Dauda, autan Lami, wanda ka koya wa kiɗan ganga. Kuma Lami da ƙafarta ta zo jiya neman makullin. Na tuna mata cewa da idonta ta ga abin da ya same ni. Ta ce ta gani, amma yaron zai tafi ko da a ƙasa ne, gara ya sami abin gudu. Ba ta yi kuka ba. Me zan ce mata, Iliya? Kai ka ja mini duk wannan.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar da ka yi wa'azi a cocinmu, da aka tashi na ce maka rigarka ba guga. Gaskiya ce, ba guga. Amma wa'azin har yau zan iya maimaita shi, kuma na gode wa Allah da ni na haife ka.

Yau da safe na kira bakanike ya canza baƙin mai da tayar baya. Ranar Lahadi zan miƙa makullin, haɗe da gidan sauro da maganin zazzaɓi. Zan gaya wa Dauda a gaban uwarsa da dattawa cewa in ya ɓoye ciwo, ni zan je har can in kamo kunnensa.

Kada ka ɗauka na huce. Ka huta a hannun Ubangiji, sauran faɗan sai na iso.

Uwarka,
Hannatu